Yadda ake neman gurbin digirin labarin ƙasa haɗe da tarihin tattalin arziki a Birtaniya

A Najeriya mun saba ɗalibi ya cike JAMB ya zaɓi kwas ɗaya tilo: ko labarin ƙasa, ko tarihi, ko tattalin arziki. A Birtaniya kuwa akwai digirin da ake haɗa fanni biyu a kwali ɗaya. Sashe biyu ne ke koyar da ɗalibin, kuma kowannensu yana son ya ga alamar cewa nasa fannin ma ya kwanta maka a rai. Masu nema da yawa a nan suke tuntuɓe. Sakamakonsu mai kyau ne, amma takardarsu ta nuna fanni ɗaya suke so, ɗayan ɗan rakiya ne.

Mataki na farko: nemo inda ake koyar da shi

Jami'o'in da ke wannan haɗin ba su da yawa. Wadda ta fi suna ita ce LSE da ke Landan, makarantar nazarin tattalin arziki da siyasa da aka kafa a 1895, inda digirin yake shekara 3. A Sikotilan, Jami'ar Gilasgo tana barin ɗalibi ya haɗa labarin ƙasa da tarihin tattalin arziki da zamantakewa. Can shekara 4 ake yi, kuma a shekaru biyun farko kana ɗanɗana darussa daban-daban kafin ka tsaya a kan haɗin da kake so. Ga wanda zuciyarsa ke rawa, tsarin Sikotilan ya fi sauƙi, sai dai akwai kuɗin ƙarin shekara guda.

Kada ka tsaya a sunan kwas. Buɗe jerin darussan kowace shekara ka karanta. Labarin ƙasan da ake haɗawa da tarihin tattalin arziki ya fi karkata ga birane, ƙaura, kasuwanci da rarrabuwar arziki tsakanin yankuna. Idan duwatsu da koguna da yanayi ne suka ja ka, duba da kyau ko za ka same su. Akwai kuma lissafi. Masu tarihin tattalin arziki da alƙaluma suke aiki: farashin kaya, albashin leburori, yawan jama'a, harajin da aka tara. Wanda ya zo nan don ya guje wa lissafi zai tarar da shi yana jiransa a bakin ƙofa.

Mataki na biyu: duba ko takardunka sun isa

WAEC ko NECO kaɗai ba sa shigar da mutum aji ɗaya kai tsaye a manyan jami'o'in Birtaniya irin LSE, komai kyawun sakamakon. Ana buƙatar A-level (jarrabawar ƙarshen sakandare ta Birtaniya) guda 3 da maki mai ƙarfi, ko difilomar IB (takwararta ta ƙasa da ƙasa), ko karatun share fage na shekara ɗaya. Game da share fagen nan a yi hattara: ba kowanne kowace jami'a ke karɓa ba. Kafin mahaifi ya biya ko kwabo, a rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai na jami'ar da ake hari, a faɗi sunan shirin, a jira amsa a rubuce.

Sai shaidar Turanci. Wasu jami'o'in suna karɓar makin Turanci na WAEC, wasu sai jarrabawar Turanci ta IELTS. LSE tana neman maki 7.0 a IELTS.

Mataki na uku: rajista da UCAS

Kusan duk neman digirin farko ta shafin UCAS yake bi, wato hukumar da ke karɓar takardun masu neman shiga jami'o'in Birtaniya. Fom ɗaya ake cikewa, a biya kuɗi sau ɗaya, a zaɓi kwas har 5. Ana rufe karɓa a watan Janairu ga mai son fara karatu a Satumbar wannan shekarar. Ranar tana canzawa, don masu shiga a 2025 ta kasance 29 ga Janairu, masu shiga a 2026 kuma 14 ga wata. An ce ɗaliban waje suna iya turawa har ƙarshen Yuni, kuma haka ne a takarda, amma a kwas ɗin da ake rububi wanda ya wuce Janairu ya makara.

Tunda masu wannan haɗin ba su da yawa, sauran guraben sai ka cike su da makusanta: labarin ƙasa zalla, tarihin tattalin arziki zalla, ko labarin ƙasa da tattalin arziki. Kada ka cusa lauya ko akanta a ciki. Dalilin yana mataki na gaba.

Mataki na huɗu: bayanin kai

Rubutu ɗaya za ka yi, kuma shi ne zai je wa duka biyar ɗin. Iyakarsa harafi 4,000, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi, wato bai fi shafi guda da 'yan kai ba. Daga masu shiga a 2026 an raba shi tambaya uku: me ya sa kake son wannan kwas, ta yaya karatunka ya shirya ka, kuma me ka yi a wajen aji. LSE ba ta kiran mutum ganawa, saboda haka wannan rubutun shi ne bakinka.

Kuskuren da na fi gani shi ne a raba takardar gida biyu: sama yabon labarin ƙasa, ƙasa yabon tarihi, ba abin da ya haɗa su. Wanda ya fi wannan muni shi ne buɗewa da "tun ina yaro nake sha'awar taswira". Malamin da zai karanta ya ga irinta ɗari kafin azahar.

Abin da ke aiki shi ne tambaya guda wadda fanni ɗaya ba zai iya amsa ta shi kaɗai ba. Bahaushe kuwa yana zaune a kan irin waɗannan tambayoyi bai sani ba. Ɗauki gyaɗar Kano. Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga kaya a 1912. Turawa auduga suka sa rai za a riƙa lodawa zuwa masaƙun Ingila, sai manoma suka juya ga gyaɗa. Don me? Masanin labarin ƙasa zai nuna maka jigawar da gyaɗa ke so, da gajeriyar damina, da cunkoson ƙauyukan da ke kewaye da birnin, da nisan teku wanda ya sa kaya mai nauyi ba ya biyan kuɗin dako sai da jirgi ya zo. Masanin tarihin tattalin arziki zai ce maka masaƙan Kano suna sayen auduga da tsadar da Turawa ba sa biya, gyaɗa kuma idan ba ta sayu ba ana ci, ga fataken goro irin su Alhassan Ɗantata da suka riga suka mallaki jari da yaran gida a ƙauyuka, suka juya su ga sayen gyaɗa. Idan ka cire ɓangare ɗaya, dalar gyaɗa ba ta tashi.

Ɗalibin da ya rubuta sakin layi biyu a kan wannan, ya faɗi abin da ya karanta, da inda ya yarda da marubucin da inda bai gamsu ba, ya gama nuna cewa haɗin ya dace da shi ba tare da ya furta hakan ba. Ba dole sai gyaɗa ba. Akwai hanyar goro daga Gwanja zuwa Kano, akwai ayarin gishirin Bilma, akwai janyewar Tabkin Chadi da abin da ta yi wa masunta da makiyaya. Sai dai kada ka tsaya a gida kaɗai. Kwas ɗin zai kai ka juyin masana'antun Ingila da bunƙasar gabashin Asiya, don haka jumla biyu da ke kwatanta Kano da wani wuri suna da daraja.

Kaso mafi girma na rubutun ya tafi ga karatu. Shugabancin ɗalibai da ƙwallo layi biyu sun ishe su. Idan kuma ka taɓa zama a shagon babanka a Kantin Kwari ko Dawanau kana lura da yadda farashi ke hawa da sauka tsakanin kaka da bazara, wannan ya fi kofin gasa amfani a nan, in dai ka faɗi abin da ka fahimta daga ciki.

Kada ka ba wani ya rubuta maka, ko da ejan ne mai ofis da na'urar sanyaya ɗaki. UCAS tana tace kowane rubutu da manhajar gano kwafe, kuma idan ta ga kama tana sanar da jami'o'in.

Mataki na biyar: shaidar malami

Malami ɗaya zai rubuta shaida a kanka, ya kuma faɗi makin da yake hasashen za ka ci idan ba ka zana jarrabawa ba tukuna. Ɗan uwa ba ya yi. Mai nema da kansa, ba ta hannun makaranta ba, zai sa imel ɗin malamin, UCAS ta tura masa kai tsaye, kuma fom ba ya tafiya sai ya kammala. Je ka same shi tun Nuwamba, ka gaishe shi, ka ce: "Malam, ga kwas ɗin, ga abin da na rubuta, ga ranar rufewa." Ka kuma tabbatar yana buɗe imel ɗin nan.

Mataki na shida: amsa, kuɗi da biza

Amsa tana iya kaiwa watan Mayu. Gurbin ko dai mai sharaɗi ne, wato sai ka ci maki kaza, ko marar sharaɗi. Biyu za ka riƙe: zaɓin farko, da na ko-ta-kwana wanda sharaɗinsa ya fi sauƙi. Wasu sukan sa biyu masu sharaɗi iri ɗaya, ranar sakamako su rasa duka.

Kuɗin makaranta ga ɗalibin waje a irin waɗannan jami'o'i ya haura fam 20,000 a shekara, ban da ci da kwana, kuma tallafin digirin farko kaɗan ne, yana da ranar rufewarsa dabam. A yi wannan lissafin a gida tun kafin a cike fom.

Idan gurbi ya tabbata, jami'a za ta ba ka lambar CAS, da ita ake neman biza. Mai nema daga Najeriya sai ya yi gwajin tarin fuka a asibitin da Birtaniya ta amince da shi, ya biya kuɗin kiwon lafiya na duk shekarun karatu, ya kuma nuna kuɗin makaranta na shekarar farko da na zaman wata 9 sun kwana 28 a jere a asusu. Ko rana ɗaya kuɗin ya sauka ƙasa da adadin, an koma farko. Sannan a duba suna: idan fasfo ya ce Muhammad, WAEC ta ce Mohammed, a nemi takardar rantsuwar kotu tun yanzu, kafin jami'a ta tambaya.