Yadda na gyara ɗagewar gaban mota idan na ja tirela

Da na ɗaura tirela, sai bayan a-kori-kurata ya zauna, gaba ya ɗage, sitiyari ya yi sakwaf, alhali na sa ƙarfen rarraba nauyi mai sanduna biyu da sarƙa, wanda aikinsa shi ne mayar da wani sashe na nauyin zuwa tayoyin gaban mota da na tirela.

Na ƙara wa tayoyi iska, shiru. Na mayar da kaya bayan tirela, sai ta fara lilo a hanya, wanda ya ma fi haɗari. Dalili kuwa, nauyin da ke kan ƙwallon da ake maƙala tirela a bayan mota ya ragu, alhali ya kamata ya zama kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirelar.

Awo ne ya raba gardama. A shimfiɗaɗɗen wuri na auna daga ƙasa zuwa bakin madigadin gaba: santimita 92 ba tirela, 95 da tirela ba sanduna. Da sanduna, 94 da rabi. Wato sandunan kusan ba sa ɗaukar komai.

Na kwance notunan kan ƙarfen, wato ɓangaren da ke riƙe da ƙwallon da sandunan, na ƙara washa biyu domin ya ƙara karkata baya, na ɗaure notuna daidai ƙarfin da takardar kamfanin ta faɗa. Sannan na ɗaga mahaɗar mota da tirela da jak, na maƙala sarƙoƙin, zobba biyar a ɗaure kowane gefe, na sauke.

Gaba ya dawo 93, tirela ta miƙe sambal, sitiyari ya kama ƙasa. Alhamdulillahi, na gode wa maƙwabcin da ya riƙe min tef ɗin awo.