Kurakuran da Ke Ɓata Wunin Biki a Garwa, da Yadda Ake Gyara Su

Duk wanda ya taɓa riƙe ragamar wunin suna ko na aure a Garwa, da ke arewacin Kamaru, ya san cewa abin da ke ɓata taro ba kasafai yake zama ƙarancin kuɗi ba. Na halarci wunin da aka yanka sa aka kuma ɗauko makaɗa daga Marwa, amma mutane suka watse da yunwa da ɓacin rai, na kuma ga wanda aka yi da raguna biyu kowa ya koma gida yana sa albarka. Abin da ya raba su shi ne tsarin lokaci: yaushe aka ɗora tukunya, yaushe aka ci, yaushe aka yi salla, yaushe kuma aka ba makaɗa fili.

Kuskure na farko ana yin sa ne tun ranar da aka zauna tsayar da rana. Iyalai da yawa suna duban ranar da 'yan uwa na Ngaundere ko Kuseri za su samu zuwa, su manta da yanayin garin. A watannin Maris da Afrilu zafin Garwa yakan haura digiri 40, kuma rumfar leda da tsakar rana tanderu ce. A lokacin ne kuma ruwan madatsar Lagdo, wadda arewacin Kamaru ya daɗe yana dogaro da ita wajen samun lantarki, yake ja baya, ɗauke wuta ya yawaita. Wanda ya sa biki a wannan lokaci ba tare da janareta da isasshen mai ba, ya shirya jin muryar mawaƙi ta yanke a tsakiyar baiti. A watan Agusta kuwa ruwan sama ne abin tsoro. Idan da zaɓi, sanyin Disamba zuwa Janairu ya fi sauƙi. Idan babu, kamar suna da ba ya wuce ranar bakwai, a tattara manyan hidimomi da sassafe da kuma bayan la'asar, a kafa rumfa a gindin itatuwan darbejiya, a cika randuna tun daren jajibiri.

Daga nan sai lissafin baƙi, wanda a nan ne aka fi faɗawa rami. Mai gida yakan ƙirga waɗanda ya aika wa goron gayyata, alhali a al'adarmu goro ɗaya gida guda yake tayarwa, har da 'ya'ya da maƙwabta da baƙon da ya sauka jiya. A ƙirga gidaje, a kuma ware tukunya guda ta almajirai da masu wucewa, domin za su zo ko an kira su ko ba a kira su ba. Gwaggona, wadda ta shafe shekaru tana jagorantar girkin bikin danginmu, ta taɓa tsayar da ni a bakin murhu ina murna da buhunan shinkafar da na sayo. Ta ce, "Ɗana, shinkafa ta baƙin kunya ce. Ina garin tuwon?" Na ce, "Gwaggo, ai na ɗauka yanzu ba a yin tuwo a biki." Ta ɗaga muciya ta nuna mini layin dattawan da ke zaune a kan tabarmi, ta ce in je in tambaye su. Gaskiyarta ce: tuwon masara ko na dawa da miyar yakuwa, wadda maƙwabtanmu Fulani suke kira folere, ko miyar kuɓewa da kifin Binuwai, shi ne ke riƙe cikin jama'a, kuma kuɗinsa bai kai na shinkafa ba.

Wani abin da ke jawo tsegumi na shekaru shi ne rabon abinci ba tare da shugaba ba. Mata ashirin a madafa, kowace tana zuba wa nata, sai a wayi gari kulolin da aka cika da nama sun shige ɗakuna, surukan da suka yi tafiyar awa huɗu suna zaune da kwanon romo. Taron tsintsiya ke nan ba shara. Gyaran shi ne a naɗa mace ɗaya mai faɗa a ji ta riƙe ludayi, a ware kason surukai da na malaman da suka yi addu'a kafin a buɗe tukunya ga kowa, a kuma ciyar da yara da wuri a tire nasu, tunda yaro mai jin yunwa shi ne ke kifar da miya. Su kansu masu girkin, da suka tashi tun asuba suna shan hayaƙi, a cire musu nasu tun farko, domin sau da yawa da ƙanzo suke ƙarewa.

Batun makaɗa ya fi kowanne buƙatar magana a fili. Mutane suna jin nauyin yin ciniki da mai kalangu ko mai algaita, sai su ce "ku zo kawai, za a ga abin da Allah ya hore," daga baya rigima ta tashi a gaban baƙi. A zauna da shugaban makaɗan kwanaki kafin ranar, a yanke kuɗin zuwa da na mota, a fayyace cewa liƙi nasu ne ko za a cire shi daga ladan, a faɗi lokacin farawa da na tashi. A ba su abinci kafin su ɗauki ganga, domin da ruwan ciki akan ja na rijiya. Sannan a ba maroƙi sunayen iyaye da kakanni na ɓangarorin biyu daidai. Na ga dattijon da ya tashi ya bar fili saboda an yi wa ƙaninsa kirari an tsallake shi, kuma ba laifin maroƙin ba ne, ba a gaya masa ba ne. A gari irin Garwa, inda Fulatanci ne harshen kasuwa kuma auratayya ta haɗa Hausawa da Fulani da Barebari, makaɗin da ba zai iya wasa surukai da harshensu ba ya bar rabin fili a zaune.

Lasifika ma ta zama fitina. Kalangu yana magana ne da matsa tsirkiyarsa a hammata, kuma idan yaron da ke kula da na'ura ya ƙure murya, abin da ke fita ƙara ce kawai, tsofaffi su toshe kunne su shige gida. A rage ƙarar, a juya lasifika ta bar fuskantar masallaci da gidan da ke da majinyaci, a kuma bar wa mata lokacinsu na kiɗan ƙwarya da guɗa a cikin gida ba tare da na'urar waje ta danne su ba.

Game da liƙi, ni dai ban ga hikimar mayar da shi gasa ba. Idan dangin ango suka fara watsa takardun sefa 10,000, dangin amarya da suka tanadi 'yan 500 da 1,000 sukan ji an tozarta su. A nemi canji tun kafin ranar, a sa amintaccen yaro ɗaya ya riƙa tsince kuɗin a gaban makaɗa, manyan kyaututtuka kuma a miƙa su hannu da hannu.

Salla ce ya kamata ta zama ma'aunin wunin gaba ɗaya. A gama cin rana kafin azahar ko jim kaɗan bayanta, a buɗe fili bayan la'asar, a ajiye ganga da zarar ladan ya ɗaga murya. Magariba a nan tana faɗuwa wajen ƙarfe shida, saboda haka kiɗan da aka fara ƙarfe biyar da rabi yankewa zai yi yana tsakiyar daɗi. A tanadi butoci da tabarmin salla daban da na zama. Idan za a tare hanya da rumfa, a sanar da jauro ko lawan na unguwa da maƙwabta tun da wuri, a kuma keɓe wurin ajiye babura da mai gadinsu.

Washegari akwai aikin da kowa ke gudu: mayar da tukwane, tabarmi da kujerun aro. A rubuta sunan kowane gida da abin da ya bayar tun ranar karɓa, a ɗaura zare mai launi a kunnen kowace tukunya, kuma kada a mayar da ita wayam; a saka 'yan goro, waina ko cincin a ciki.