Gyaran benen bakin teku bayan guguwa

Bayan guguwa irin Ian da ta afka wa jihar Florida ta Amurka a 2022, kada mazauna su koma cikin bene sai an yanke wuta, injiniya ya duba ginshiƙai da baranda. A ɗauki hoton ɓarnar domin inshora, a lulluɓe rufi da tamfol.

Cikin awa 24 zuwa 48 fumfuna ke fara fitowa. A yanke allon bango, wato falankin da ake rufe bangon cikin ɗaki da shi, santimita 30 zuwa 60 sama da inda ruwa ya tsaya, a kunna fanka da na'urar tsotse danshi, kada a sake rufe bangon sai katakon cikinsa ya bushe sarai.

Gishiri ne babban abin tsoro. Ruwan teku yakan ratsa kankare ya kai ga rodi, rodin ya yi tsatsa, ya kumbura, ya tsaga kankaren daga ciki. Shafe wurin da siminti yaudarar kai ne. A fasa har bayan rodin, kusan santimita 2, a goge tsatsar, a sauya wanda ya sirance, sannan a zuba sabon kwaɓi. Wayoyi da akwatin wutar da ruwan gishiri ya taɓa kuwa, sauya su ake yi gaba ɗaya, ko da suna aiki.