Yadda mai ba da shawara zai zauna da wanda al'adarsu ba ɗaya ba

Mai ba da shawara a sakandare a Kaduna, ko a asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa, ko a sansanin 'yan gudun hijira a Maiduguri, ba shi ke zaɓen wanda zai yi masa sallama ba. Da safe Bafulatana ce daga ruga, da azahar ɗan Bajju daga Zonkwa, kafin la'asar ga ɗan kasuwa Ibo. Littattafan da aka karantar da yawancinmu da su kuwa an rubuta su ne don mutumin da ke zuwa shi kaɗai, ya dube ka ido cikin ido, ya zazzage cikinsa. Irinsa ba su da yawa a nan.

Da farko, ka binciki kanka. A 1992 masanin halayyar ɗan Adam Derald Wing Sue da abokan aikinsa biyu a Amurka suka tsara ƙwarewar aiki da mai wata al'ada gida uku: sanin son zuciyarka, sanin yadda wanda ke gabanka yake kallon duniya, da iya aiki da su. Na farkon ne mutane ke tsallakewa. Ɗauki takarda ka rubuta abin da ka taso kana ji a gida game da Fulani, da Nufawa, da Kiristoci ko Musulmi, da bazawara, da almajiri. Ba za ka nuna wa kowa ba. Amma ranar da ɗayansu ya zauna a gabanka, za ka gane wace magana ce tasa, wace ce ta kakarka.

Na biyu, kada ka gajarta gaisuwa. Ka tambayi gida, ka tambayi hanya, ka tambaye shi harshen da ya fi sakewa da shi. In ana buƙatar tafinta, kada ya zama mijinta ko ɗanta. Babu matar da za ta faɗi matsalar ɗaki ta bakin ɗanta. Ka bari mai matsalar ya fara miƙo hannu, kuma in mace ce ka ba ta zaɓi: a bar ƙofa a buɗe, ko a kira abokiyar aiki. Wasan taubasantaka, irin na Fulani da Barebari, ka ajiye shi sai in shi ya taso da shi.

Na uku shi ne jigon aikin: ka tambaye shi yadda shi yake ganin abin. Likitan ƙwaƙwalwa Arthur Kleinman ya kawo wannan hanya a 1978, kuma a 2013 DSM-5, kundin da likitoci ke amfani da shi wajen tantance cututtukan ƙwaƙwalwa, ya shigo da tambayoyi 16 masu kama da ita. Ba sai ka haddace su ba. "Baba, a gida me kuke kiran wannan abin? Me kake ganin ya jawo shi? Me ya sa sai yanzu? Wa aka riga aka gani, me ya bayar? Me ka fi tsoro?" In ya ce sammu ne, ko shafar aljanu, kada ka yi murmushin masu boko, kada kuma ka ce lallai haka ne. Ka ce ya ƙara maka bayani. Sau da yawa a cikin labarin wanda ake zargi da sammun za ka tsinci kishiya, ko rikicin gado, ko bashi.

Kada ka sa shi zaɓi tsakaninka da malaminsa ko fastonsa, don kai za a bari. Tun 1954 likitan ƙwaƙwalwa Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya sauke marasa lafiya da danginsu a gidajen ƙauyukan Aro kusa da Abeokuta, yana aiki tare da masu maganin gargajiya. Ruƙiyya da addu'a na iya tafiya da magani. Sai dai akwai iyaka: duka, mari a ƙafa, hana abinci, ko a ce a daina shan maganin asibiti. A 2019 'yan sanda sun fito da ɗaruruwan mutane daga wani gidan mari a Rigasa da ke Kaduna, wasunsu a ɗaure. Irin wannan ka faɗa wa dangi a fili cewa ba za ka lamunta ba.

Na huɗu, ka koyi karanta kunya. Yaron da ya sunkuyar da kai ladabi yake yi, ba ƙarya yake ɓoyewa ba. Uwar da ta ƙi ambatar sunan ɗan farinta ba ƙinsa take ba. "Alhamdulillahi" kuma ba ya nufin lafiya lau. Da yawa ta jiki suke shigowa: kai ya ɗau zafi, zuciya na bugawa, tunani ya yi yawa. Bi ta nan, ka tambayi barci da cin abinci. In ka ga alama, ka tambaya kai tsaye ko ya taɓa tunanin kashe kansa, domin tsoron zunubi da abin kunya ba za su bar shi ya fara faɗa ba.

Na biyar, ka gano wa ke yanke hukunci a gidan: miji, kawu, ko uwar miji. Ka tambayi mai matsalar wa yake so a shigo da shi, da abin da ba ya so a faɗa, kafin ka kira kowa.

Duk abin da ka sani game da wata ƙabila, ka riƙe shi a matsayin zato har sai mutumin ya tabbatar. Akwai Hausawa Kiristoci a Wusasa, akwai Bafulatanin da aka haifa a Legas bai taɓa tatsar saniya ba.

Masu horar da ɗalibai kuma, lacca ɗaya a zango ba ta isa. A tura ɗalibi aikin gwaji inda shi ne baƙo: ɗan Kano zuwa Kafanchan, 'yar Jos zuwa Sakkwato. A sa su yi kwaikwayon zama a aji da Hausa da Fulatanci, ba da Turanci kaɗai ba, sannan duk mako mai duba aikin ya tambaye shi wane zato ya shiga da shi ɗakin, da abin da mutumin ya faɗa da ya rushe shi.