Yadda mai kula da ma'aikata zai sa a yarda da shi

Shekara goma sha ɗaya na yi ina riƙe da takardun ma'aikata a wani kamfanin gine-gine a nan Damagaram. Sai a shekara ta uku na gane abin da ya sa hira ke mutuwa duk lokacin da na iso gindin dogon yaro inda direbobi da magina ke shan shayi. A wurinsu ni kunnen maigida ne. Ba su yi ƙarya ba kuwa. Shi ke biyana albashi, takardar gargaɗi daga hannuna take fita, ta sallama ma haka.

To ƙanena, in an ba ka wannan kujera, ka fara da faɗin gaskiyar nan da bakinka. Wanda ya shigo da kuka, kafin ya zauna sosai ka ce masa: "Malam, akwai maganar da za ta tsaya tsakanina da kai, akwai wadda dole in kai sama, kamar sata ko haɗari a wurin aiki." Daga nan shi ya san abin da zai faɗa. Abin da ke ƙona ran mutum shi ne ya yi maka magana a matsayin ɗan'uwa, washegari ya ji ta a bakin darakta.

Sai batun CNSS, wato asusun ƙasa da ke biyan ma'aikata fansho, wanda har yau in na tuna zuciyata ke sosuwa. Wani dattijo mai gadi, ɗan unguwar Birni, ya cika shekara 60 ya tafi neman fansho. Aka duba aka ce masa akwai shekarun da ba a zuba masa komai ba, alhali kowane wata ana cire kasonsa daga albashi. An yi wannan tun kafin zuwana, amma ni ma na shekara biyu kan kujerar ban bincika ba. Ya dawo ya zauna gabana, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya ce: "Ɗana, ina kuɗin suka tafi?" Na rasa amsa. Daga ranar na rubuta wa kowa lambarsa ta CNSS a takarda, na ce kada su dogara da maganata, su je ofishin asusun da ƙafarsu su duba. Kai ma ka yi haka tun watanka na farko. Ma'aikatan da suka je suka tarar da komai daidai, su ne suka fara matsa mini wuri a kan tabarmar shayi.

Takardar albashi da Faransanci take fitowa, da yawa cikin leburori kuwa makarantar allo suka yi. Ka zauna ka karanta musu ita layi-layi da Hausa: ga ainihin albashi, ga abin da aka cire, ga kuɗin awannin da suka ɗora a kan 40 na mako. Ka gaya musu haƙƙinsu tun ba su tambaya ba. Dokar aiki ta 2012 ta ba ma'aikaci hutun kwana biyu da rabi a kan kowane watan da ya yi aiki, mai haihuwa kuma mako 14. Mafi ƙarancin albashi tun 2024 jika 42 ne. Wasu abokan aikina gani suke faɗin wannan tamkar cin amanar kamfani ne. Ni dai na ga wanda ya ji daga bakina ba ya zuwa da faɗa.

Asiri kuma ka riƙe shi da kyau. Wanda ya ci bashin albashi don ragon layya, ko wanda matarsa ke kwance asibiti, kada mai kawo shayi ma ya ji. Damagaram gari ne da kowa ya san kowa, maganar da ta fita daga ofishinka da safe, kafin la'asar ta isa kasuwar Dole.

In gurbin aiki ya samu, ka liƙa sanarwa inda kowa zai gani, ka kai ta ANPE, hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, ko da kawunka ya turo maka ɗansa. In za a hukunta wani, ka kira wakilin ma'aikata ya zauna, a saurari mutumin kafin a rubuta komai. In bai gamsu ba, kai da kanka ka kwatanta masa ofishin sufeton aiki, ka haɗa masa kwafin takardunsa ya tafi da su.