Kurakuran da ake yawan yi da sunayen muƙamai na Turanci

Aikina rubuta wasiƙun ofis da katunan gayyata da mayar da sanarwa daga Turanci zuwa Hausa. Duk shekarar da aka kawo mini sababbin yara masu koyon aiki, wurin da na baya suka yi tuntuɓe nan su ma suke yi, kuma kusan kullum a kan sunan muƙami ne. Na gaji da gyara wa mutum ɗaya-ɗaya, shi ya sa na tattara su a nan.

Babban cikinsu shi ne Vice-Chancellor. Yaro zai ga kalmar vice, ya tuna Vice President, nan take ya rubuta "mataimakin shugaban jami'a". Wannan kuskure ne mummuna. A jami'o'in Najeriya, da muka gaji tsarinsu daga Ingila, Vice-Chancellor shi ne shugaban jami'a mai cikakken iko. Shi ke zama a ofis kullum, shi ke jagorantar majalisar malamai, shi ake nema idan ɗalibai sun tayar da hankali. Chancellor kuwa uban jami'a ne, galibi sarki ko wani babban mutum, ana ganinsa ranar bikin yaye ɗalibai cikin alkyabba yana miƙa digiri. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, Sardauna ne Chancellor, amma mai tafiyar da ita Norman Alexander ne, kafin Ishaya Audu ya karɓa a 1966. Akwai kuma Pro-Chancellor, shugaban majalisar gudanarwa. Mataimaki na gaskiya shi ne Deputy Vice-Chancellor.

Wannan kuskuren ya taɓa ci mini kuɗi da mutunci. Wata ƙungiya ta ba ni aikin katin taro, babban baƙo shugaban wata jami'a. Ina kan hanya yaron shagona ya kai aikin wurin bugawa da "mataimakin shugaban jami'a" a ƙarƙashin sunan mutumin, da manyan baƙaƙe masu ruwan zinare. Katin ya isa teburinsa. Washegari aka dawo mini da kwalin ko buɗe sauran ba a yi ba, na sake bugawa da kuɗin aljihuna, ƙungiyar kuma ba ta ƙara waiwayata ba. Mutum ya yi shekaru yana koyarwa kafin ya hau kujerar nan, ka zo da layi ɗaya ka sauke shi! Tun daga ranar, babu katin da ke fita daga hannuna sai na kira sakataren mai muƙamin na karanta masa yadda muka rubuta, ya ce haka ne.

Kalmar Chancellor ɗin ma tana sauya riga idan ta je Jamus. A can shugaban gwamnati ce, kujerar da Angela Merkel ta riƙe daga 2005 zuwa 2021. Shugaban ƙasa daban yake, kuma ikonsa kaɗan ne.

Na biyu da ke ɓata mini rai shi ne Minister of State. Na sha ganin "ministan jiha". Wace jiha? Ƙaramin minista ake nufi, wanda ke ƙarƙashin babban minista a ma'aikata ɗaya. Jihohi ba su da ministoci, kwamishinoni gare su. Haka Secretary of State na Amurka: ba sakataren jiha ba ne, shi ne sakataren harkokin waje, daidai da minista a wurinmu. Kai da kake fassara, ka tsaya ka tambayi kanka wane aiki mutumin nan yake yi da safe idan ya shiga ofis. Tsinka suna gida biyu a fassara kowane ɓari daban lalaci ne, kuma masu sauraron rediyo a kasuwa sun fi ka sanin cewa babu ministan jiha.

Sai tarihi. Sardauna Premier ne, Firimiyan Jihar Arewa. Abubakar Tafawa Ɓalewa shi ne Prime Minister, Firaministan ƙasa baki ɗaya. Kada a musanya su. Shugabannin soja kamar Gowon da Murtala Head of State ake kiransu da Turanci, Babangida ne ya ɗauki sunan President da ya hau a 1985. A Hausa duk "shugaban ƙasa" muke cewa, amma idan da Turanci kake rubutu dole ka bambance.

Deputy da Assistant duk "mataimaki" ne a bakinmu, amma ba matsayi ɗaya ba ne. A 'yan sanda Deputy Inspector-General (DIG) yana gaba da Assistant Inspector-General (AIG), Deputy Commissioner of Police (DCP) yana gaba da Assistant Commissioner of Police (ACP). Ni nakan bar harufan a gaban sunan don kada a haɗa su a kujera ɗaya. A rubutun Turanci kuma Deputy Governor ake cewa, ba Vice Governor ba.

Shugaban kwalejin kimiyya da fasaha Rector ne, na kwalejin ilimi Provost, na sakandare Principal, hedimasta kuma na firamare. Shugaban kwastan Comptroller-General ne, na 'yan sanda Inspector-General. Governor na Babban Banki gwamna ne ba tare da jiha ba. Acting muƙaddashi ne, wanda aka ce elect kuma mai jiran gado, bai sha rantsuwa ba tukuna.

Yanzu ga cutar da ta fi yaɗuwa, wato jibga laƙabi. Za ka ga kati an rubuta His Excellency, The Executive Governor, Alhaji, Dr., Chief, sannan suna, sannan jerin harufa har layi ya ƙare. Kundin tsarin mulkin 1999 Governor kawai ya ce, babu Executive. Ni ba na sa shi, ko da mai aikin ya nace sai na nuna masa dalili tukuna. Wasu abokan sana'ata suna sawa don a zauna lafiya da 'yan siyasa, ni dai ban yarda ba. Honourable na ɗan majalisa ne da kwamishina da ciyaman, ba na duk wanda ya buga fosta ya faɗi zaɓe ba. Sanata kuma ba a ce masa Honourable a al'adar majalisarmu, Distinguished Senator suke so. Kuma mutum ba ya sa wa kansa Honourable a ƙasan wasiƙar da ya rubuta, wasu ne ke kiransa da shi.

A wajen sarakuna ake bukatar taka-tsantsan fiye da ko'ina. Sarkin Musulmi His Eminence ne, Mai Alfarma. Sarakunan yanka His Royal Highness, Mai Martaba. Hakimi District Head ne, dagaci Village Head, mai unguwa Ward Head. Kada ka kira sarkin masarautar Arewa King ko Chief a wasiƙa alhali Emir ne sunan sarautarsa, kuma kada ka ɗora wa hakimi Mai Martaba don kana neman alfarma a wurinsa. Fada tana lura da irin wannan, wasiƙar kuma tana iya tsayawa a hannun magatakarda ba ta kai gaban sarki ba.