Yadda Ake Ɗaura Wa Keke Na'urar Auna Gudu Mara Waya

Da farko, zaɓi na'urar da ƙura da ruwa ba sa shiga cikinta, domin ƙurar hunturu a hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu ba ta sassauta wa kayan lantarki.

Ka ɗaure maganaɗisun da ya zo tare da na'urar a jikin wayar tayar gaba, sannan ka kafa firikwensin, wato abin da ke gano wucewar maganaɗisun, a ƙarfen da ke riƙe da tayar, tazararsu kada ta wuce milimita 5. Bayan ka zaunar da allon na'urar a kan keke, sai awo, wanda a nan ne mutane suka fi kuskure: yi wa taya alama da alli, ka gangara keken zagaye ɗaya cif, ka auna tsawon a ƙasa, ka shigar da adadin da milimita.

Juya tayar da hannu. Idan lambobi suka motsa, aiki ya yi.